Yaya, ga amsar tambayarki kan zuwanmu gonar koko

Yaya salamu alaikum, ya gida ya yara, ya jikin Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari saƙon muryarki na yi ta dariya har maigidan ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na ce bari in zauna in rubuta miki da kyau tunda tambayar taki ba ɗaya ba ce, kuma na san ba ke kaɗai ba, duk wanda ya ga bidiyon nan a gurup ɗin dangi akwai abin da ke ransa, ke ce dai ba kya iya haɗiye magana. Kin ce me ya kai mu daji da mata da yara kamar waɗanda aka kora daga gari, kin ce ko mun fara bikin masoya irin na Turawa ne, kin ce me ya sa Auta take Tonanci, wato yaren Ashanti, da mai gonar kamar ba 'yar Hausa ba, sannan wai an gaya miki cakulan da giya ake yin sa. Har da su "kowa ya bar gida gida ya bar shi", na ji wannan ma Yaya, ban yi fushi ba.

Maganar masoya ita ce mafi sauƙi. A nan Gana gwamnati ce da kanta ta mai da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, wai a ja hankalin matasa daga shashancin ranar, a kuma sa mutane su riƙa cin abin da ƙasarsu ke nomawa. To a makarantun boko ranar nan ticoci sai su yi wa yara bayanin koko, wani wurin a raba musu ɗan guntu-guntu. Daga nan Auta ta dawo gida ta ishe ni da tambaya, wai da gaske cakulan a bishiya yake fitowa, in a bishiya yake wa yake sa masa takarda. Ni kuma da aka haife ni a Nima na girma a Nima, unguwarmu ta cikin Akra, wallahi ban taɓa riƙe ɗanyen koko a hannuna ba, buhunansa kawai nake gani a kan tireloli suna gangarawa tashar jirgin ruwa ta Tema. Ba ma ranar muka je ba, wata Asabar ce can daga baya.

Sai kin fahimci matsayin koko a ƙasar nan tukuna za ki gane dalilin. Bishiyarsa tana jikin tambarin ƙasa, ɗansa yana jikin kwabon fesuwa 20 da yara ke sayen alewa da shi. Daga 1911 har wajen ƙarshen shekarun 1970 babu ƙasar da ta kai Gana noman koko a duniya, sai daga baya Kwaddibuwa ta wuce mu, kuma har yau mu biyun nan mu ke fitar da wajen rabin kokon duniya gaba ɗaya. Hanyoyi, asibitoci, kuɗin karatun 'ya'yan manoma, da yawa daga kuɗinsa aka yi. Hukumar da ke riƙe da shi, wadda yanzu ake ce wa COCOBOD, tun 1947 take, ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara goma. Ku ma ai kuna da shi a Najeriya, can Ondo da Osun da Ikom, ga dogon benen Cocoa House a Ibadan da aka gina da kuɗinsa, kawai dai ya yi muku nisa ne, ba ya jure rana da ƙarancin ruwa irin na Kano, shi inuwa yake so da damina mai tsawo.

Kuma ki tuna abin da ya kawo Kaka ƙasar nan, ba koko ba ne, goro ne. Tun kafin Turawa fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su kawo kanwa da fatu da rinannun tufafi, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja su sayi goron da ke fitowa daga dazukan Tonawa su koma, wata da watanni a hanya. Da yaƙin Salaga ya tarwatsa kasuwar a 1892 sai mutanenmu suka bazu, wasu Kumasi, wasu Kete Karachi, wasu suka gangaro har Akra, zangunan da kike ji ke nan. Abin da ban sani ba sai ranar da muka je gonar shi ne goro da koko dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai, kuma sinadarin da ke hana tsoho barci in ya ci goro akwai irinsa a koko. A gonakin koko da yawa ma za ki ga bishiyar goro tsaye a tsakiya an bar ta don inuwa, masu aikin gonar su tsinci goron su kai wa mutanenmu a zango, su kuma su jera shi a ganye su ɗaure huhu a loda a mota zuwa wajenku. Ke nan goron da aka raba a ɗaurin auren 'yarki ba mamaki a ƙarƙashinsa koko ne ke girma.

Yadda muke fita kuwa, nan ne na san ya fi ɗaure miki kai. Mu nan gidan haya muke, tsakar gida ɗaya, ɗakuna a zagaye. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, akwai wata Kirista 'yar ƙabilar Ewe da ta fi shekara ashirin a gidan, kuma kowa Hausa yake yi, ita ma Kiristar in tana yi wa jikanta faɗa da Hausa take yi. A nan in aka ce ɗan zango ba lallai Bahaushe ake nufi ba, duk wanda zango ya raina ne. To in za a fita ba a cewa ni da mijina da 'ya'yana kawai, abin kunya ne ki tada mota yaran maƙwabta suna leƙe ta taga. Sai a yi karo-karo, mu mata muna da adashinmu dama, aka ɗauki shatar trotro guda, wato ƙaramar bas ɗin haya, aka dafa wake da shinkafa irin namu mai jan karan dawa da kuke tsokanarmu da shi, da shito, wato soyayyen yajinmu, da dafaffen ƙwai da soyayyen kifi, aka ɗauki tabarmi da butoci. Da yake Asabar da Lahadi ranakun makarantar allo ne sai da maigidan ya je ya nemi izini wajen malam, shi kuma malam ya ce ai ba zai bari a ba shi labari ba, ya shigo gaban mota ya zauna.

Batun kulle kuma Yaya, a gaskiya nan ba a cika yi ba. Mace tana sa hijabinta ta tafi kasuwa, ita ke sai da koko da ƙosai a bakin titi da asuba, ita ke tuwon zafi, ita ke zuwa Lome sarin atamfa, gidaje da yawa a zango da kuɗin mace aka kai yara makaranta. Ba wai an raina addini ba ne, ki zo Nima da azumi ki ga tafsiri ki ga tahajjud. Zaman ne ya zo da haka, ɗaki ɗaya da falo, famfo a waje, ina za a kulle ki. Kuma bayan Sallah dama al'ada ce a fita da yara, wasu bakin teku, wasu lambun Aburi da ke kan dutse wanda aka buɗe tun 1890. Ni bakin tekun ne ba na so saboda kiɗa da cakuɗuwa, shi ya sa da aka kawo shawarar gona na fi kowa ɗaga hannu.

Mun fara da Mampong ta Akuapem, kin wuce Aburi kaɗan, hanyar hawa ce mai lanƙwasa, in kin waiwaya sai ki hango Akra shimfiɗe a ƙasa, yara sai ihu. A nan gonar Tetteh Quarshie take. Shi maƙeri ne ɗan ƙabilar Ga, ya je aiki tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko a ƙasar Ikwatoriyal Gini, ya dawo da irin koko ya shuka a wurin nan a 1879. Kafin shi 'yan mishan na Basel sun gwada shukawa bai karɓu sosai ba, nasa ne ya kama, manoma suka yi ta saye suna kaiwa gaba. Ya rasu a 1892, bai ga inda abin ya kai ba. Gonar ƙarama ce ƙwarai, in ba a gaya miki ba sai ki wuce ta, akwai tsofaffin bishiyoyi da masu kula da wurin ke nunawa a matsayin na asalin shukarsa. Shi kansa kokon ba ɗan Afirka ba ne, asalinsa dazukan Kudancin Amurka, kuma mutanen Meziko na dā sha suke yi da ɗacinsa har da barkono a ciki, babu sukari.

Daga nan muka wuce gonar wani abokin maigidan ta wajen Koforiduwa, Batone ne dattijo, tare suka yi harkar mota shekarun baya. Nan ne aka ga aiki. Abin da ya fara ba ni mamaki, ɗan kokon ba a ƙarshen reshe yake fitowa ba, a jikin kututturen yake manne, wani ma dab da ƙasa, tsawonsa kamar taƙi guda, kore ne in ya nuna ya koma ruwan ɗorawa. Furensa ɗan mitsitsi, wasu ƙananan ƙwari da ke rayuwa cikin ruɓaɓɓen ganyen ƙasa su ke yi masa barbara, shi ya sa ba a share gonar tas. Daga fure zuwa nuna wata biyar zuwa shida, bishiyar kuma sai ta shekara uku zuwa biyar kafin ta fara haihuwa. Na ƙasa da adda ake yankowa, na sama da doguwar gora mai ƙaramin lauje a kai, kuma ba a fizga, in kin ji wa wurin ciwo baɗi ba zai yi fure a nan ba.

Dattijon ya buga ɗaya da guntun itace ya rabe biyu. Ciki ƙwayoyi ne kamar talatin zuwa arba'in a jere, lulluɓe da wani farin abu mai yauƙi, ya ce kowa ya ɗauka ya tsotsa amma kar a tauna. Yaya abin nan da daɗi, zaƙi-zaƙi tsami-tsami, kuma ko kusa ba ya kama da cakulan. Babban ɗana da ba ya jin magana ya tauna, cikin ƙwayar shuɗi-shuɗi ne mai duhu, ɗaci da bauri suka sa ya yi ta tofarwa malam yana masa dariya. Inda kika ji Auta na Tonanci nan ne, tambayarsa take ko zai ba ta guda ta kai wa ticarsu.

To ga inda maganar giyarki ta samo asali. In an fasa da yawa sai a shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa, a tara ƙwayoyin da yauƙinsu a kai tsibi guda, a rufe da wani ganyen a danne da itace, a bar shi kamar kwana shida ana buɗewa ana juyawa duk bayan kwana biyu. Ya buɗe mana wani da ya kwana huɗu na cusa hannu, zafi kamar an dafa, yana kaiwa digiri 45 zuwa 50 ba wuta ba komai, ga wani wari mai tsami da ke hawa kai. Abin da ke faruwa shi ne zaƙin farin yauƙin nan ne ke tsimuwa, da farko yana zama ɗan abin maye kaɗan, sannan ya juye ya zama tsami irin na khal, ruwan ya tsiyaye ƙasa, zafin da tsamin su kashe ƙwayar su canza mata launi zuwa ruwan ƙasa, ɗacin ya ragu. In ba a yi wannan ba duk injin duniya ba zai fitar da ƙanshin cakulan ba. Bayan haka a baza a kan tabarmar gora da aka ɗaga bisa sanduna, rana ta busar da shi sati ɗaya ko fiye, ana motsawa da hannu ana tsince marasa kyau, har sai kin damƙa kin ji yana ƙaras-ƙaras. Sannan a masana'anta a gasa shi a zafin da ya wuce na tafasar ruwa. Ba wanda ya zuba giya a ciki kuma babu abin da ya rage da zai bugar da ko kaza. Malam yana tsaye aka yi bayanin, ya ci nasa cakulan ɗin daga baya har ya sa na iyali a aljihu. Wanda za ki kula da shi shi ne irin na kwali mai tsada da ake kawo tsaraba daga Turai, wasu ana ɗura musu giya a tsakiya da gangan, kuma suna rubutawa a jiki, sai a karanta kafin a ba yara.

Ɓawon da aka yar ma ba asara ba ne, ke kin fi ni amfani da shi. Ana busar da shi a ƙona, tokar ce ake tacewa a dafa da man kwakwa ko man kaɗanya a yi sabulun salon nan na Gana da kike sa ni aiko miki.

Yin cakulan ɗin kansa wata Asabar ce daban, a wani ƙaramin wuri a cikin Akra da ke karɓar yara a nuna musu, yanzu irinsu sun fara yawa, yawanci matasa ne da mata suka buɗe. Aka sa mana hular leda kan ɗankwali aka wanke hannu. Ina kallon matakan sai na ce a raina ashe aikin Inna ne na man gyaɗa aka sa wa lantarki. A soya ƙwayar sama-sama har ƙanshi ya tashi, a farfasa, a fece ɓawon, su da iskar inji suke yi maimakon faifai, a niƙa. Kina zuba busasshen abu sai ki ga ya koma kwaɓi mai sheƙi yana malala ba a sa ɗigon ruwa ba, saboda fiye da rabin ƙwayar mai ne. A manyan kamfanoni sai a matse kwaɓin, man ya fita gefe, shi ne man koko da ake sawa a man shafawa, tunkuzar kuma maimakon a murza ƙuli-ƙuli sai a daka ta ta zama gari, garin nan ne ke cikin Milo da Bournvita da kuke sha da safe. Wani mutumin Holan, Van Houten, shi ya fito da injin matsewar a 1828, kamfanin Fry a Ingila ya fara yin cakulan na ci a 1847, na madara kuma Daniel Peter ne a Suwizalan a 1875.

Na ci kuwa ba a cire man, ƙara masa ma ake yi, da sukari, da garin madara in ana so. Sai a zuba a wani inji mai duwatsu biyu suna juyawa, kwana ɗaya, biyu, wani har uku ba tsayawa, har sai kin shafa a harshe ba ki ji tsaki-tsaki ba, sauran tsamin ma ya fice da tururi. Wannan dabarar Rodolphe Lindt ne ya gano ta a Suwizalan a 1879, shekarar da Tetteh Quarshie ke haƙa rami a Mampong. Tun daga ranar aka raba aikin ke nan, mu da adda su da inji, kuma kusan haka yake har yau.

Mataki na ƙarshe shi ya fi ba yaran wahala, ni ma haka. A narkar da shi ya kai wajen digiri 45, a zuba kan faifan dutse mai sanyi ana shafawa ana tattarawa har ya sauko wajen 27, a sake ɗumama shi kaɗan zuwa 31, da ma'aunin zafi a hannu, sannan a zuba a mazubi a bubbuga iska ta fita a sa a firij. In an yi daidai zai fito yana ƙyalli, ki karya ki ji ƙas. In an kuskure sai ya yi fari-fari a sama yana marmashewa. Kowane yaro aka ba shi mazubinsa ya barbaɗa abin da yake so, wasu gyaɗa wasu kwakwa, maƙwabciyata Bazabarma ta ce ita citta za a sa mata, kuma wallahi nata ya fi na kowa daɗi. An ba su mai kashi 70 na koko su ɗanɗana duk suka yatsine fuska, ni kam ya yi min, wanda ya saba da goro ba zai ji ɗacinsa ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne hirar da maigidan ya yi da dattijon nan a gona muna cin abinci bayan azahar. Mutumin da ya shekara arba'in yana noman koko ya ce ba ya tuna yaushe rabonsa da sayen cakulan, in ya samu kuɗi gara ya sayi gwangwanin Milo a sha da burodi gida duka. Shi ba ya sa wa kayansa farashi, gwamnati ke yankewa a farkon kaka, akawun kamfanin saye ya ɗora buhu mai kilo 64 a sikeli ya biya shi, shi ke nan. A 2024 farashin tan ɗaya a kasuwar duniya ya haura dala 10,000, abin da ba a taɓa gani ba, amma da yake an riga an sayar da yawancin kokon Gana tun kafin a girbe, abin da ya iso hannun manomi bai kama ƙafar wannan ba, shi ya sa wasu suka riƙa tsallakar da shi Togo da Kwaddibuwa cikin dare. Tun 2019 Gana da Kwaddibuwa suka haɗa kai suka ce sai masu saye sun ƙara dala 400 kan kowane tan don manomi, an ƙara ɗin, amma har yanzu abin da ke zuwa wa manomi daga kuɗin cakulan ɗin da aka sayar a shagon Turai bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ga cutar kumburin reshe da ba ta da magani sai sare bishiya, ga masu haƙar zinariya ta bayan fage, galamsey muke ce musu, suna zuwa da kuɗi a jaka su sayi gona su mai da ita rami, koguna duk sun koma ruwan kunu. Ya ce 'ya'yansa ba mai son gadon addar, duk suna Akra da Kumasi.

Za ki ce to mu me ya hana mu mallakar gonakin tunda mun fi shekara ɗari a nan. Ƙasar noma a kudancin Gana ta sarautun gargajiya ce da dangi, baƙo ba ya zuwa ya share daji haka kawai. Akwai tsarin da suke kira abusa, ka kula da gonar wani a raba amfani uku ka ɗauki ɗaya, da abunu, ka sare daji ka shuka ka raina in ta girma a raba biyu. Mutanen arewacin Gana da Mosawa daga Burkina su suka fi shiga wannan, guminsu ne a ƙarƙashin kokon ƙasar nan, wasu ta haka suka samu gonar kansu. Namu mutanen kuwa ciniki suka gada, goro, shanu, fawa, tireda, tuƙin mota, malanta. Muna zagaye da kokon, muna ɗaukarsa a mota, muna sayar wa leburorinsa tsire da tufafi ranar da aka biya su, amma ba mu cika shiga ƙarƙashin bishiyar ba.

Sannan akwai abin da ku a gida ba ku taɓa ɗanɗanawa ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda sati biyu ya bar ƙasar. Hajiya har ta rasu in ta tuna sai ta yi shiru, mutanen da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan aka haife su, suka sai da gida da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Ai ta haka reshenku ya koma Kano namu ya tsaya. Ku ma kun rama a 1983 lokacin Shagari, kuka kori 'yan Gana, har jakar nan ta samu sunan Ghana-must-go. Yanzu alhamdulillahi zaman lafiya ake, Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu jininmu ne, kuma ba Musulmi kaɗai ke girmama shi ba, da ya cika shekara ɗari a 2019 har coci ya shiga ya gaisa da Kiristoci. Amma har gobe in ɗan zango ya je yin katin ɗan ƙasa ko fasfo, sunansa kawai zai sa a ƙara masa tambayoyi, ina aka haifi kakanka, wane gari ne naku. To ni ba na son 'ya'yana su tashi Nima kawai suka sani da hanyar filin jirgi. Ina so in ticha ta ce waye Tetteh Quarshie, hannun 'yata ya riga na kowa tashi, ta ce ta je gonarsa ma. Shi ya sa ba na hana su Tonanci ko yaren Ga, a gida Hausa, a makaranta Turanci, wajen malam Larabci, a kasuwa abin da mai kaya ke ji. Hausar tamu ce dai kuke dariya, mu ce "matana ya zo", na sani, Auta ma in ta zo hutu sai kin gyara mata, amma ba ta da wani harshen da take mafarki da shi in ba shi ba.

Kin ce in aiko miki da wanda yaran suka yi, wannan kam ba zai iso ba, man koko yana narkewa tun kafin ya kai zafin jikin mutum, wajen digiri 34, balle motar da za ta ratsa Togo da Benin ta kwana a boda ta shigo Kano da zafin bazara, miya za a kawo miki. Zan saya miki Golden Tree na masana'antar Tema, wadda ke aiki tun 1965, shi an yi shi ne da ƙarfi don ƙasar zafi, Kingsbite ɗin ya fi tafiya da yara. Zan haɗa da garin koko zalla marar sukari saboda Inna, ki dama mata da ruwan zafi da 'yar madara, kar dai ki ba ta da dare don zai hana ta barci. Direban da ke kai goro zai tashi bayan sati biyu in Allah ya yarda, ki turo min lambar wanda zai karɓa a tasha, kuma don Allah wannan karon kilishin ya fi na bara yawa, gidan nan mutum goma sha ne ke jiransa, har Kiristar tamu ta ce a gaya miki kar a cika yaji.